Filtar da Bawa Bai Yanka Ba

Duk direban da ya taɓa yin juyen baƙin mai a garejin Bawa, can bayan tashar Magama inda manyan motocin hatsi ke jiran a buɗe musu iyaka, ya san ba a shiga wurin da gaggawa. Za a zubar maka da tsohon mai, a ɗaura sabuwar filta, a zuba sabo, kai kuwa ka ɗauka an gama har ka fara laluben makulli a aljihu. Sai ka ji daga ƙarƙashin rumfa an ce, "Zamna tukun." Ba ya ƙara ko kalma ɗaya a kai, kuma ba ya ɗaga murya. Akwai waɗanda suka yi shekara ashirin suna hulɗa da shi ba su san yadda muryarsa take ba idan ta yi sama.

Abin da zai zaunar da kai shi ne tsohuwar filtar nan da kowane bakanike ke wurgawa a kwata. Bawa ba ya wurgarwa. Yakan ɗauki almakashin yankan kwano ya zagaye bakinta, don ya ce zarto yana zubar da garin ƙarfen kansa ya ɓata shaida. Sai ya zaro takardar da ke ciki mai ninki-ninki, ya matse ta a tsumma, ya fita rana ya warware ta a hankali yana karkata ta nan da can. Daga nan ya ɗauko maganaɗisun da ya cire daga wata tsohuwar sifika ya bi ta kai. Shi ya sa direbobi suka laƙaba masa Bawa Mai Duba. Suna tsokanarsa cewa wasu na buga ƙasa, shi kuwa filta yake bugawa, shi dai ko murmushi ba ya ba su.

Abin ba tsafi ba ne. A cikin injin akwai wasu 'yan ƙarafa masu santsi, rabi da rabi kamar awarwaron da aka raba biyu, da ke rungume da sandar da ke juya injin. Mu nan metal muke ce musu, mutanen Maraɗi su ce kusine. Tsakaninsu da sandar babu komai sai ɗan siririn mai. Ranar da man ya lalace ko ya yi ƙasa, ƙarfe ya fara cin ƙarfe, ɓurɓushin kuma ya bi mai ya je ya maƙale a filta. In toka-toka ce mai laushi, Bawa zai ce tsufa ne kawai, je ka. In maganaɗisu ya kamo 'yan baƙaƙe, ya ce a sa ido. Amma in ya ga ja-ja mai ƙyalli irin na tagulla, wanda maganaɗisu ya wuce bai ɗauka ba, to farin saman metal ya cinye an kai ga jan da ke ƙasa, injin kuma yana gab da bugawa.

Shi ɗan Gangara ne, ɗan manoma, kuma da an bi ta mahaifinsa da fartanya zai tsufa. Yana saurayi ya bi wata motar gero zuwa Maraɗi don ya yi dako, motar ta lalace aka tura ta garejin wani tsoho mai suna Zunnuraini. Bayan kwana uku mota ta tashi ta dawo, Bawa bai biyo ta ba. Shekara tara ya yi a hannun tsohon nan, kuma shekarar farko duka bai taɓa sifana ba, filtoci kawai yake yankawa yana nuna abin da ya gani. Da ya dawo ya kafa rumfarsa a Magama, ya auri Hajo, ya zauna a kan abu ɗaya har gemunsa ya yi fari. Gajere ne, kafaɗarsa ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka, faratansa kuwa ko ranar Sallah ba sa fita tas.

A da, in injinka ya buga a hanya, asarar yini ce kawai. Ka tura mota gefe, ka sami inuwa, wani ya zo wucewa ya ja ka. Yanzu kowa a ƙasar Jibiya ya san akwai hanyoyin da mota ba ta tsayawa a kansu, ko da fitsari ya matsi mutum. Tun da ɓarayin daji suka addabi ƙauyuka, motar da ta mutu a irin wurin nan ta miƙa duk wanda ke cikinta ke nan. Kuma duk da haka, abin haushi, za ka ga direba ya manna takarda a kan jar fitilar mai don kada ta dame shi, ko ya ƙara sautin waƙa don kada ya ji ƙwanƙwasar injin, ko ya ɗura man giya mai kauri don ƙarar ta lafa, sannan ya loda matan mutane da 'ya'yansu ya nufi daji yana ta Allah ya kiyaye. Irin waɗannan Bawa ba ya raga musu. An taɓa yin wani Kabiru mai ɗaukar 'yan kasuwa, da aka ga ja a filtarsa ya ce shi sai ya tafi, fasinja na jira. Bawa ya zare makullin motar ya sa a aljihu ya tafi masallaci, Kabiru na biye da shi yana zage-zage har bakin ƙofa. Da aka kwance injin washegari, metal ɗin ya zama kamar reza, Kabiru ya tsaya yana kallo.

Mutum ɗaya ne kaɗai a duniya Bawa ba ya iya ce wa zamna tukun, kuma don a gane dalili sai an shiga gidansa.

Ummusalma ce 'yarsa ta fari. Tun ranar suna da liman ya faɗi sunan aka shafa fatiha, Bawa bai taɓa furta shi ba. Haka ya taso ya ga ana yi, kunyar ɗan fari ce, kuma shi ya riƙe ta fiye da yadda 'yan zamani ke riƙewa. In zai kira ta sai ya yi gyaran murya ya ce, "Ke, yarinya." In zai yi maganarta da wani sai ya ce yayar su Shamsu. Bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, bai taɓa yabonta ba. Amma Hajo ta san duk ƙullin tsiren da ya shigo da shi ya ajiye a bakin ɗaki ya ce a raba wa yara, akwai wani ƙarami a aljihunsa da zai miƙa mata a ɓoye ya ce, "Ba waccan." Cikin 'ya'yansa shida babu wadda yake ji har cikin ransa kamar ita, kuma ita ce bai taɓa nuna wa ba.

Da ta girma ta zaɓi Lawali, direban wata tsohuwar shuɗiyar wagon da ke jigila tsakanin Jibiya da Ɗan Isa. Iyayensa daga wajen Maraɗi suka zo, yaro ne mai ladabi, har ladabin ya yi yawa. In ya hango surukinsa tun daga nesa yake tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya kafa ido a ƙasa. Bawa shi ma sai ya kau da kai ya amsa gaisuwar yana kallon wani wuri. To, kunyar nan ce ta sa shekara biyu da auren Lawali bai taɓa kawo motarsa garejin ba. Yaya zai tsaya surukinsa na kwance a ƙarƙashin motarsa? Sai ya riƙa zuwa wajen masu sayar da mai a kwalba a bakin titi, waɗanda su kansu ba su san abin da ke cikin kwalbar ba. Bawa yana sane, yana jin ƙarar motar in ta wuce, kuma bai taɓa aika masa da magana ba.

Wata ranar Talata, ƙarshen damina, dawa ta fi tsayin mutum, shuɗiyar motar ta shigo garejin da hantsi. Kawun Lawali ne ya rasu a Tungar Kirya, za su je gaisuwa su juyo kafin la'asar. Ummusalma ce ta matsa masa, ta ce hanyar ba ta wasa ba ce, ya biya Baba ya yi masa juye. Tana zaune a baya da jaririyarta Mutmainna a cinya, ta gaida uban kanta a sunkuye, ya amsa yana duba taya.

"Baba, bidanji za a yi, in ba damuwa," in ji Lawali daga durƙushe, yana nufin juyen mai da kalmarsu ta mutanen Nijar. "Ni sai in kwance da kaina."

"Bari," in ji Bawa, ya shige ƙarƙashin motar.

Man da ya zubo baƙi ne ƙirin, kuma ya tsinke kamar ruwa. Bawa ya shafa shi tsakanin yatsu biyu. Ya ɗaura sabuwar filta, ya zuba mai mai kyau, ya ce a tayar. Jar fitilar mai ta daɗe ba ta mutu ba, ya ƙirga numfashi uku. A cikin numfashi ukun nan ya ji wani ɗan ƙwas-ƙwas daga can ƙasan injin, sannan ya ɓace. Lawali ma ya ji, don ya daɗe yana jinsa kowace safiya. Suka dubi wurare daban-daban.

Tsohuwar filtar tana hannun Bawa, da ɗuminta. Kalmar nan tasa ta zo har bakinsa. Sai ya dubi yaron a durƙushe cikin rana, ga makoki na jiransa, ga matarsa a mota tana ji. Zai zaunar da surukinsa rabin awa, sannan ya warware takarda a gaban 'yarsa ya nuna mata mijinta bai iya riƙon mota ba? Ya ji nauyin abin ya danne shi. Ya ajiye filtar a kan dutse ya goge hannu.

"Allah shi kiyaye hanya," ya ce. "Ku gaishe su. Kada ku yi yamma."

Mutumin da ya taɓa bin wani har masallaci da makullinsa a aljihu, shi ne ya tsaya yana kallo motar ta fita ta hau kwalta.

Wani mai babur ya zo da matsalar birki, ya tsaya ya duba masa, amma hankalinsa na kan dutsen nan. Sai da aka yi kusan minti arba'in sannan ya ɗauki almakashi. Ya yanka, ya zaro takardar, ya matse, ya fita rana. Bai ma gama warware ninki na uku ba gabansa ya faɗi. Takardar tana ta ƙyalli, ja-ja ko'ina, wasu ɓurɓushin sun kai girman ƙwayar riɗi. Ya bi da maganaɗisu, bai ɗauki ko ɗaya ba. A shekara arba'in na aikinsa sau biyu kawai ya ga filta irin wannan, kuma dukansu daga injin da ya riga ya buga aka ciro su.

Ya san hanyar Tungar Kirya kamar tafin hannunsa. A kan kwalta, in an bi a hankali, injin zai iya lallaɓawa. A kan burji ma wataƙila. Amma kafin a isa garin akwai kwarin nan mai yashi, inda ruwa ke wucewa a yini ɗaya ya bar rairayi mai zurfi, inda dole direba ya sa giya ta ɗaya ya take totur har ƙasa, injin na kuka, kafin ya haye. Metal ɗin da ya gani ba zai ɗauki wannan ba. Kuma kwarin nan shi ne wurin da kowa ya sani mutanen daji na ratsawa in za su sauka kudu.

Ya ciro waya. Lambar Lawali tana ciki da sunan Direba, bai taɓa kiranta ba. Ya kira sau huɗu, ana ce masa ba a samun layin. Da ma da zarar an bar kwalta babu sauran sabis, ya sani, ya dai kira ne don hannunsa ya sami abin yi.

Isah mai faci, maƙwabcin rumfarsa, ya ga yana fito da tsohon babur ɗinsa. Da ya ji inda za shi sai ya riƙe kan babur ɗin.

"Malam Bawa, kai kaɗai bisa babur cikin dajin ga? In waɗancan ba su ɗauke ka ba, 'yan sintiri su ce kai ka kai masu labari. Bari a nemo mutane a tahi da mota."

"Kahin a nemo sun kai kwari," in ji Bawa. "In la'asar ta yi ban komo ba, ka hwaɗa ma Hajo inda na tahi."

Ya ɗaure hanci da tsumma saboda ƙura ya kama hanya. A shingen ƙarshe, inda kwalta ta ƙare, wani ɗan sintiri ya ce masa e, shuɗiyar mota ta wuce da daɗewa, kuma tun da ta wuce babu abin da ya shiga, babu abin da ya fito. Ya dube shi sama da ƙasa, ya ɗaga masa itacen shingen.

Tsoro ya kama Bawa sosai, irin wanda bai taɓa ji ba. Ba wani abu ya gani ba, rashin ganin komai ne ya fi tayar masa da hankali. Ya wuce wani ƙauye da ya sani tun yana yaro, babu ko akuya, ƙofofi a buɗe, ciyawa ta fito a tsakar masallaci. Ya wuce gonaki da aka shuka ba a koma an yi noma ba. Dawa ta rufe hanyar dama da hagu, ba ka ganin taku biyar a ciki, kuma kowane motsin ganye sai ya ji kamar mutum ne. Yana so ya yi addu'a amma abin da ke ta zuwa masa shi ne numfashi ukun nan da jar fitila ta yi ba ta mutu ba. Ya kafa ido a kan sawun tayar motar yana bi. Can gaba ya ga wasu sawun sun ratsa hanyar daga cikin gona zuwa cikin gona, na babura, da yawa, kuma bai iya gane ko na yau ne ko na jiya ba.

Da ya sha kwanar da ke gangarawa kwarin, sai ga motar. Tana tsakiyar yashi, ta yi rabin hayewa ta tsaya. Ƙofofi uku a buɗe. Ya kashe babur ya sauka, ƙafafunsa suna nutsewa. Baƙin mai ya malale a ƙarƙashinta, sabon man da ya zuba da hannunsa, yashi na shanye shi. Ya dafa murfin injin, da sauran zafi. Makulli na jiki. A kujerar baya kwanon abincin da za a kai gidan makoki ya kife, a ƙasa kuma, bakin ƙofa, ga 'yar hular jaririya ta ulu, fara da ratsin kore, wadda Hajo ta saƙa.

Ya yi sallama, shiru. Ya ce, "Lawali," shiru. Ya janye tsumman daga hancinsa ya ɗaga murya, muryar ta fito a shaƙe, a tsage, shi kansa bai san ta ba. "Ku hito, ni ne." Babu abin da ya amsa sai wata kurciya can nesa.

Ya zagaya motar yana duba yashi, sawun ƙafa sun cakuɗe, ba ya iya karanta su. Shi da ke karanta ƙwayar ƙarfe a takarda, ga shi ya kasa gane inda mutum uku suka bi. Ya ga 'yarsa ana tura ta a gaba cikin ƙaya da goyo, babu takalmi. Ya ga kansa yana shiga gida yana gaya wa Hajo cewa filtar tana hannunsa, da ɗuminta, ya ajiye. A nan ne abin da ya riƙe shekara ashirin da huɗu ya kuɓuce masa. Ya juya ga dawar ya buɗe maƙogwaro iyakar ƙarfinsa.

"Ummusalma!"

Sunan ya bi kwarin ya dawo. Ya sake kira, ya kuma sakewa, na ukun har muryar ta karye a tsakiya. Ya tsaya yana saurare, bakinsa a buɗe. Ko ganye bai motsa ba.

To, ya tabbata an tafi da su. Ya zauna a yashi ya jingina da tayar baya, ya ɗauki hular yana juya ta a baƙaƙen yatsunsa. Bai damu ba kuma ko masu baburan su dawo su same shi. Ya daɗe a haka. Sannan, ba don wani ya ji ba, ya yi gyaran muryar nan tasa ya yi magana a hankali, yadda yake yi a tsakar gida.

"Ke, yarinya. Ina kika shiga?"

Dawar da ke bakin gaɓa, taku goma daga inda yake, ta motsa.

"Baba?"

Ta fito da rarrafe, mayafinta duk ƙaiƙayi, jaririyar na manne a ƙirjinta, ta danna mata nono a baki don kada ta yi kuka. Lawali ya biyo bayanta, fuskarsa ta yi fari fat, kuma da ya ga surukinsa sai ya fara ƙoƙarin tuɓe takalmi.

"Bar takalmin nan," in ji Bawa.

"Baba, inji ya buga, muna tsaye muna shawara sai munka ji babur. Mun zaci su ne."

Bawa bai dubi 'yarsa ba. Ya miƙe da ƙyar, ya miƙa mata hular yana kallon gefe. A daidai lokacin ne dukansu suka ji wani gurnani siriri daga kudu, can nesa, yana zuwa yana ɗaukewa da iska, kuma ba na babur ɗaya ba ne. Ummusalma ta ƙanƙame jaririyar. Lawali ya juya zai ɗauko kaya a mota.

"Bar komi," in ji Bawa. Karo na farko ke nan da ya dubi surukinsa cikin ido. "Kai za ka tuƙa, ƙahwarka ta hi tawa ƙarhi. Ita ta zamna tsakiya da ɗiyar a gaba."

"Baba, kai ka shiga tsakiya mana, ko ka tuƙa ni in..."

"Na ce hau."

Suka tura babur ɗin har ya fita daga yashi kafin su tayar. Bawa ya hau can ƙarshe, kan ƙarfen kaya, ya baza kafaɗunsa iyakar faɗinsu, don in wani abu ya biyo su daga baya, bayansa zai fara samu. Duk tsawon hanyar bai waiwaya ba. Yana jin tsakiyar bayansa na sanyi, yana jiran abin da bai zo ba, har suka hango itacen shinge da ɗan sintirin nan a tsaye. Isah mai faci ya ce da suka iso gareji sai da aka kama Bawa aka sauke shi, don yatsunsa sun ƙi sakin ƙarfen.

Bayan kwana biyu aka tafi da rakiya aka ɗauko motar. Babu batir, babu tayoyi huɗu, babu kwanon abinci, kuma sawun babura sun zagaye ta ko'ina. Bawa ya kwance injin a gaban Lawali, ya ciro abin da ya rage na metal ɗin, ja, a murɗe, ya ɗora masa a tafin hannu, sannan ya ɗauko takardar filtar ya shimfiɗa kusa da shi. Bai yi masa faɗa ba, don ya san rabin laifin nasa ne. Tun daga ranar, duk juyen da Lawali zai yi a garejin yake yi, kuma yana zama a benci kamar kowa har a gama duba. Takalmin dai har yau sai ya tuɓe.

Ummusalma ta yi mako guda a gidan iyayenta kafin jikinta ya daina rawa. Wata rana da yamma Bawa ya dawo daga aiki, ya tsaya a zaure yana wanke hannu da buta, sai ya jiyo ta tana ba uwarta labari a tsakar gida. Ba su san ya shigo ba.

"To ke da kina nan kusa," in ji Hajo, "mi ya hana ki hitowa tun da fari?"

"Inna, ai an ce suna sanin sunayen mutane, su kira ka ka hito. Na ji ana kiran sunana har sau uku. Maigidan ya yunƙura zai tashi, ya ce kamar Baba ne, na riƙe rigarsa. Na ce masa ba shi ba ne, Baba ba ya kiran sunana."

Ruwan butar na zuba a ƙasa, Bawa bai lura ba.

"Da na san shi ne," in ji Ummusalma, muryarta ta yi ƙasa, "da na tsaya na saurara da kyau. Tsoro bai bar ni na ji yadda ya hwaɗe shi ba."

Bawa ya ajiye butar. Ya tsaya a bakin ƙofar zauren, hannuwansa na ɗiga, ya buɗe baki. Sunan ya taso ya zo har kan harshensa, ya ji nauyinsa, ya riƙe shi na ɗan lokaci. Sannan ya yi gyaran murya, ya sa hannu a aljihu ya ciro ɗan ƙullin tsiren da ya sayo, ya shiga ya miƙa mata da kansa, ba ta hannun Hajo ba.

"Ke, yarinya," ya ce. "Ungo, ci da zahinsa."